Kocin masu jifa da aka sallama sau uku: abin da ya ƙi da abin da ya yi aiki, 1978 zuwa 2024

Lamarin

Bayani ne kan wani Ba'amurke, kocin masu jifa a wasan besbol. Sau huɗu ana ba shi wannan muƙami a babbar gasar Amurka, Major League Baseball, sau uku ana sallamarsa. Karo biyun farko, a 1996 da 2000, bai kai labari ba. Karo na uku ya zo yana dab da cika shekara 65, ya riƙe aikin kaka takwas, ƙungiyarsa ta je wasan ƙarshe, wato jerin wasannin neman kofi, sau uku. Abin da ake so a gano shi ne me ya sauya a tsakani. Za a riƙa kiransa kocin kawai.

Wasan, da aikin da ake biyansa ya yi

Ƙungiya 30 ce a gasar, kowacce tana buga wasa 162 a kaka. Wasa ɗaya zango tara ne. Mai jifa yana tsayawa a kan wani tudu mai tsayin santimita 25, ya jefa ƙwallon fata mai nauyin kusan giram 145 zuwa wani faranti da ke nesa da shi mita 18.44. Mai kulki yana gefen farantin yana jira. Sama da farantin akwai wata taga da ido ba ya gani, daga gwiwar mai kulki zuwa tsakiyar ƙirjinsa. In ƙwallo ta ratsa ta bai taɓa ba, ko ya kai duka ya kuskure, an ci shi ɗaya. Uku suka taru, ya fita: wannan ita ce kora. In jifa huɗu suka kauce wa tagar, ya wuce kyauta zuwa matsaya ta farko cikin matsayan da ake zagayawa kafin a ci maki. In kuwa ya dake ta ta tsallake katanga, maki ya shiga, shi da duk wanda ke kan hanya.

Ana auna mai jifa da makin da ake ci a kansa a kowane zango tara, wanda a nan za a kira awon ci. Ƙasa da 3 gwaninta ce, 4 tsaka-tsaki, sama da 5 kuwa mutum ya fara neman wani aikin.

Kocin masu jifa yana ƙarƙashin manaja, yana kula da mutum goma sha biyu ko sha uku. Shi ke duba yadda kowa yake taka ƙafa, yadda yake riƙe ƙwallo, da jifan da ya kamata a yi wa kowane mai kulki. In wasa ya rikice shi ke takawa zuwa tudu ya yi wa yaronsa magana ta 'yan daƙiƙu. Ba shi ke sayo 'yan wasa ba, amma in aka yi ta cin ƙungiya, da shi ake fara sallama.

Jifa uku ne labarin nan ya rataya a kansu. Akwai jifan gudu mai ɗinki huɗu, inda ƙwallo ke juyawa da baya, iska ta tallafe ta, ta ƙi faɗuwa yadda idon mai kulki ya zata. Akwai mai nutsewa, shi ma da gudu, amma yana sunkuyawa ƙasa a ƙarshe don a dake shi ya bi ƙasa. Sai mai lanƙwasa, wanda ke juyawa gaba ya rufto, kamar yadda gwanin bugun tazara ke murɗa ƙwallo ta tsallake katangar 'yan wasa ta sauka cikin raga. Jifan kilomita 150 a awa yana isa faranti cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, saboda haka mai kulki ba ganin ƙarshen jifa yake ba, hasashe yake yi tun daga farkonsa.

1970 zuwa 1981: gwiwar hannu

An haife shi a 1948 a San Diego, jihar Kalifoniya. Bahago ne. Yana cikin 'yan wasan Jami'ar Kudancin Kalifoniya da suka ci kofin jami'o'i a 1968 da 1970, daga nan New York Mets ta ɗauke shi. Ya fara buga babbar gasa a 1972, ya yi Cleveland, sannan San Diego Padres. A 1975 awonsa 2.54 ne, a 1976 ya jefa zango sama da 200. Wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 1977 ne. Jimillar abin da ya yi a can: nasara 22, rashin nasara 39, awon ci 3.95.

Jijiyar cikin gwiwar hannunsa ce ta lalace. A Satumban 1974 Dokta Frank Jobe ya yi wa wani mai jifa, Tommy John, tiyatar da ba a taɓa yi wa ɗan besbol ba: ya ciro jijiya daga damtsen ɗaya hannun, ya huda ƙashi, ya saƙa ta a madadin wadda ta tsinke. John ya dawo a 1976, ya yi ta jifa har 1989. A 1978 aka yi wa kocin irin wannan aiki, shi ake lissafawa na biyu. Shi bai dawo ba. Ya ƙara 'yan shekaru a ƙananan rukunai, ya ajiye a 1981.

1980 da 'yan kai zuwa 1995: makarantar Dodgers

Ya fara koyarwa a ƙananan ƙungiyoyin Los Angeles Dodgers. A lokacin duk bazara Dodgers na taruwa a Vero Beach ta jihar Fulorida, kuma Sandy Koufax, bahagon da ya gagari kowa a shekarun 1960, yana cikin masu koyar da yara. Makaman Koufax biyu ne: jifan gudu a sama, da mai lanƙwasa da ke faɗowa daga kai zuwa gwiwa. Daga wannan gida kocin ya ɗauko ra'ayinsa.

Sai dai wasan ya karkata wani gefen. Karatun da kusan kowane koci ke biya wa yaransa shi ne: sauke ƙwallo ƙasa, bar shi ya daka ta bi ƙasa, kana da mutum bakwai a bayanka da za su kama. Jifan sama kuskure ake ɗaukarsa, don in aka same shi daidai sai bayan katanga. Kocin ya koma tsarin Houston Astros, ya shafe shekaru yana koyarwa a ƙungiyarsu ta Tucson har 1995.

1996, da 2000 zuwa 2001: sallama biyu

A 1996 Astros ta hau da shi babbar gasa a ƙarƙashin manaja Terry Collins. Yana da mutane masu kyau, irin su Shane Reynolds, Mike Hampton da Darryl Kile. Ƙungiyar tana kan gaba a rukuninta har ƙarshen Agusta, ta zube a Satumba, ta gama da nasara 82 da rashin nasara 80. Aka kori Collins, guguwar ta tafi da kocin. A kakar da ta biyo, a hannun wani kocin, Kile ya ci wasa 19 da awon 2.57, bayan 4.19 da ya yi a 1996.

Kansas City Royals ta ɗauke shi a 2000. Masu kulkinta sun ci maki 879 a kakar, amma abin da aka ci su ya haura 900. Awon masu jifansu 5.48 ne, a shekarar da matsakaicin ɓangarensu na gasar ya kusa 5, don zamani ne na duka. Yawancinsu yara ne da aka hanzarto da su saboda ƙungiyar ba ta da kuɗin sayen manya. Kakar 2001 ta fara da muni, a watan Mayu aka sallame shi.

Kayan aikinsa a duka wuraren biyu su ne idonsa, kaset ɗin bidiyo, na'urar auna gudu, da bakinsa. In ya ce wa yaro ya ɗaga jifansa sama, aka kuma tsallakar da shi katanga sau ɗaya, maganar ta mutu ke nan, domin ba shi da abin da zai nuna cewa sau goman da aka kuskure sun fi wannan ɗayan nauyi.

2001 zuwa 2007: neman ilmi a waje

Ya koma ƙananan rukunai, a tsarin Montreal Expos da ta zama Washington Nationals, daga baya aka wayi gari babu ƙungiyar da ke biyansa albashi. Yana kusa da shekara 60. A wannan tsakanin ne ya lizimci wani sansanin horo mai zaman kansa a Montgomery ta jihar Teksas, Texas Baseball Ranch, na Ron Wolforth, mutumin da bai taɓa jifa a babbar gasa ba, wanda kuma manyan ƙungiyoyi ke yi wa kallon ɗan ka-na-ce.

A can ana gwada abubuwan da ƙungiyoyi suka hana: jifa da ƙwallaye masu nauyi daban-daban, jifan nesa, da barin jiki ya yi sauri maimakon tsayuwa cik a kan ƙafa ɗaya kafin a saki ƙwallo, wadda a da ake cewa ita ce daidaito. Ana ɗaukar komai a bidiyo, ana auna komai. Ya kuma rungumi lissafin wani mai bincike, Perry Husband, cewa gudun da mai kulki ke ji ba shi ne na na'ura ba: ƙwallon da ta zo sama kusa da jikinsa tana tilasta masa kai duka da wuri, sai ta zame masa kamar ta fi gudu, wadda ta zo ƙasa nesa da shi kuwa tana ba shi sarari. Tsohon ɗan babbar gasa ya zauna yana ɗaukar darasi wurin waɗanda ba su taɓa taka filin ba. A al'adar besbol ta wancan lokaci wannan ba ƙaramin sauke girman kai ba ne.

2007 zuwa 2013: St. Louis

Jeff Luhnow ne ya dawo da shi. Luhnow ba ɗan wasa ba ne, daga kamfanin McKinsey ya fito, St. Louis Cardinals ta ɗauke shi a 2003 don ya shigo da lissafi cikin zaɓen 'yan wasa. Ya ɗauki kocin ya riƙa zagaya ƙananan ƙungiyoyinsu yana koyarwa. A daidai lokacin aka fara kafa kyamarorin PITCHf/x a filayen babbar gasa, zuwa 2008 sun game ko'ina. Karon farko ke nan da aka iya rubuta gudun kowace jifa, inda ta bi da yadda ta karkata.

A nan ma bai samu yadda yake so duka ba. Kocin masu jifa na babbar ƙungiyar, Dave Duncan, shi ne limamin jifa mai nutsewa, kuma da shi Cardinals ta ci kofi a 2006 da 2011, don haka babu mai ja da shi. Kocin namu ya tsaya kan yara. A 2013 Cardinals ta je wasan ƙarshe da matasan da ta rena da kanta: Michael Wacha, Shelby Miller, Trevor Rosenthal, Carlos Martínez, Lance Lynn da Joe Kelly, kusan duk masu jifa da ƙarfi. Luhnow kuwa tun Disambar 2011 ya koma Houston a matsayin babban manaja. A Oktoban 2013 ya sake kiransa.

2014 zuwa 2015: gwajin farko a Houston

Astros ta 2013 ta ci wasa 51, an ci ta 111, awon masu jifanta 4.79, mafi muni a gasar. Babu abin da za a yi asara.

A Disambar 2013 ƙungiyar ta kwaso Collin McHugh, wanda Colorado ta saki. Bai taɓa cin wasa ko ɗaya a babbar gasa ba, an ci shi takwas, awonsa 8.94. Masu lissafin ofis ne suka hango shi: jifansa mai lanƙwasa yana juyawa kusan sau 2,000 a minti, na yawancin mutane kuwa kusan 1,500 a awon na'urorin lokacin. Abin da aka ce masa bai da yawa. Ya bar mai nutsewa, wanda shi ake daka. Ya riƙa jefa mai ɗinki huɗu a saman taga. Ya yawaita mai lanƙwasa.

Dalilin haɗa biyun shi ne, dukansu suna barin hannu ta wuri ɗaya, su bi hanya ɗaya a farkon tafiya, daidai tsayin ido. Lokacin da mai kulki zai yanke shawara, bai san wace ce ba. Ɗaya ta ƙi saukowa ta wuce saman kulkinsa, ɗayar ta rufta ƙarƙashinsa. Aikin kocin shi ne ya sa hannun McHugh ya fito ta ƙofa ɗaya a duka biyun, ya kuma sa shi ya amince ya jefa inda aka hana shi tun yana yaro. A 22 ga Afrilun 2014, wasan McHugh na farko da Astros, ya kori mutum 12 na Seattle ba a ci shi maki ba. Ya gama kakar da 2.73, a 2015 ya ci wasa 19.

Dallas Keuchel ya bi wata hanyar dabam. Bahago ne mara gudu, abincinsa mai nutsewa a ƙasan taga, wato ainihin abin da ake raba sauran da shi. Ba a taɓa masa shi ba, don nasa yana nutsewa da gaske kuma yana iya ajiye shi inda ya so. Aka gyara masa mai zamewa, jifan da ke karkata gefe a ƙarshe, aka kuma jera masu tsaro inda lissafi ya nuna ƙwallo na bi. Daga 5.15 a 2013 ya sauko 2.93 a 2014. A 2015 ya ci wasa 20 da awon 2.48, aka ba shi kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa. A kakar nan Astros ta ci wasa 86 ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale.

2017 zuwa 2019: manya sun shigo

Abu biyu suka taimaka daga waje. A 2015 aka kafa na'urar Statcast a duk filayen, tana auna juyawar ƙwallo kai tsaye. Masu kulki kuma suka koma duka daga ƙasa zuwa sama don ɗaga ƙwallo: bugun tsallake katanga ya tashi daga 4,186 a 2014 zuwa 6,105 a 2017, ya kai 6,776 a 2019. Kulkin da ke tasowa daga ƙasa yana cin karo da mai nutsewa a hanya, amma yana bi ta ƙarƙashin jifan sama.

Astros ta sayi kyamarorin Edgertronic masu ɗaukar ɗaruruwan hoto a daƙiƙa, har ana ganin yatsan da ya rabu da ƙwallo a ƙarshe. Gani ya kori ji. Mai jifa da ya shekara goma yana jin an ce masa “sauke ta”, yanzu ana ajiye masa allo a gabansa: ga jifanka da ake daka, ga wanda ake kuskurewa, ga abin da yatsanka ke yi a kowanne.

Charlie Morton ya zo a 2017 da tarihin rauni da mai nutsewa. Aka ƙara masa mai lanƙwasa da gudu, shi ya jefa zango huɗun ƙarshe na wasa na bakwai da aka doke Dodgers aka ɗauki kofi. Kafin nan, a wasan da ya kai su can, Lance McCullers ya rufe New York Yankees da mai lanƙwasa 24 a jere. Justin Verlander ya zo daga Detroit ranar 31 ga Agustan 2017, ya ci duk wasanni biyar da suka rage masa a kakar. Ryan Pressly ya zo daga Minnesota a Yulin 2018 da mai lanƙwasa mai juyawa sama da 3,000 a minti wanda ba ya yawan jefawa. Awonsa ya sauko daga 3.40 zuwa 0.77.

Gerrit Cole ne ya fi fito da bambancin. Pittsburgh Pirates, inda ya fito, ta gina tsarinta kan mai nutsewa da barin a daka. A 2017 awonsa 4.26 ne, kora 196. A Houston aka zaunar da shi aka nuna masa jifansa mai ɗinki huɗu mafi kyau, aka ce wannan za ka yi ta nema. A 2018 ya yi 2.88 da kora 276, a 2019 ya yi 2.50 da kora 326. Verlander ya ɗauki Cy Young ta 2019, Cole na biye da shi. A 2018 awon ƙungiyar gaba ɗaya 3.11 ne, kora 1,687, adadin da babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa.

2018 zuwa 2021: inuwa

Tun Mayun 2018 wani mai jifa na Cleveland, Trevor Bauer, ya yi shaguɓe a fili cewa juyawar ƙwallo ba ta ƙaruwa haka kawai sai da abin danƙo a yatsu. 'Yan Houston sun musa. Daga baya ta bayyana cewa shafa danƙo ya game gasar, daga 21 ga Yunin 2021 alƙalai suka fara binciken hannu da hula, mai laifi a dakatar da shi wasa goma, juyawar ƙwallo ta ragu a ko'ina.

A Janairun 2020 hukumar gasar ta tabbatar Astros ta yi amfani da kyamara wajen satar alamun da abokan hamayya ke yi wa mai jifansu kan jifan da zai yi, a 2017. Aka ci ta tarar dala miliyan 5, aka dakatar da Luhnow da manaja A.J. Hinch, mai ƙungiyar ya kore su a ranar. Laifin ɓangaren masu kulki ne, ba a hukunta kocin ba, amma wanda ya ɗauke shi aiki sau biyu ya tafi. Rauni ma bai ƙyale su ba: an yi wa McCullers tiyatar gwiwar hannu a 2018, Verlander a 2020.

Cole ya tafi Yankees kan dala miliyan 324. Kocin ya koma kan yaran da aka samo da arha: Framber Valdez da Cristian Javier daga Jamhuriyar Dominika, José Urquidy daga Meziko, Luis García daga Benezuwela. Valdez mai nutsewa yake jefawa, aka bar masa abinsa. Da su aka je wasan ƙarshe na 2021, Atlanta ta yi nasara, kocin ya ajiye aikin da kansa.

2022 zuwa 2024: Arizona

Bai daɗe ba ya karɓi aikin Arizona Diamondbacks, wadda aka ci wasa 110 a 2021 da awon da ya haura 5. A 2022 awon ya sauko zuwa 4.25, Zac Gallen ya jefa zango 44 a jere ba a ci shi maki ba. A 2023 suka ci wasa 84 kawai, suka kutsa har wasan ƙarshe, Texas Rangers ta doke su.

Gyara ɗaya na wannan kaka ya isa a duba shi da kyau. Brandon Pfaadt sabon shiga ne, ana ta tsallakar da shi katanga, har sau biyu ana mai da shi ƙaramin rukuni. A kan tudu akwai wani farin roba mai faɗin santimita 61 da mai jifa ke dogarawa. Kocin ya matsar da shi daga wannan gefen robar zuwa wancan. Hannu bai sauya ba, riƙo bai sauya ba, kusurwar da ƙwallo ke shigowa taga ce ta sauya. Pfaadt ya gama kakar da 5.72, amma a sili-ɗaya-ƙwale ya yi 3.27, har da wasan da ya kori mutum tara na Philadelphia ba a ci shi ba.

Madison Bumgarner kuwa bai gyaru ba. Gwarzon wasan ƙarshe ne na 2014, yana kan kwantiragin dala miliyan 85, kuma jaridu sun ruwaito ba sa jituwa da kocin. A Afrilun 2023 aka sallami Bumgarner da awon 10.26. A 2024 ƙungiyar ta fi kowa cin maki, 886, amma awon masu jifa ya koma 4.62. Jordan Montgomery, da aka ɗauka dab da fara kaka bai yi atisayen bazara ba, ya yi 6.23. Merrill Kelly da Eduardo Rodríguez sun shafe watanni suna jinya. Suka ci wasa 89, suka rasa gurbin sili-ɗaya-ƙwale a ranar ƙarshe, a farkon Oktoba aka sallami kocin. Wata guda bayan haka, yana da shekara 76, ya karɓi aikin mataimakin koci a Pittsburgh, gidan da Cole ya baro.

Abin da bayanan suka nuna

Ra'ayinsa na jifan sama da mai lanƙwasa tsoho ne, ya girmi sallamarsa ta farko. Abin da ya rasa a 1996 da 2000 hujja ce da zai ajiye a gaban mai jifa, da ofis da zai sayo masa mutanen da suka dace, da lokaci. A Houston ya samu duka ukun, masu kulki kuma suka sauya duka ta yadda ya yi masa daidai. McHugh, Morton, Cole da Pressly ba shi ya gano su ba, masu lissafi ne. Nasa shi ne ya mai da alƙaluma maganar da ɗan wasa zai yarda da ita, kuma furfurarsa da tabon gwiwar hannunsa sun buɗe masa kunnuwan da yaro mai kwamfuta ba zai buɗe ba. A ganina wannan ne kasonsa na gaske, kuma ba kaɗan ba ne.

Ba daidai ba ne a ce dabara ɗaya gare shi. Keuchel da Valdez sun yi fice da jifan da ya raba wasu da shi, gyaran Pfaadt kuma ba shi da alaƙa da sama ko ƙasa. Abin da yake yi shi ne ya nemo jifan da ya fi kyau a hannun mutum ya sa shi ya yawaita, ya zubar da wanda ake daka. Inda mutum ya ƙi, kamar Bumgarner, ko jiki ya ƙi, kamar 2024, ba abin da ya iya. Maganar danƙo kuma tana rage wa alƙaluman 2018 da 2019 daraja, nasu da na sauran ƙungiyoyi.

Zuwa lokacin da ya isa Arizona, kowace ƙungiya ta sayi kyamarorin, ta ɗauki masu lissafi, masu kulki ma sun koyi jiran jifan sama. Ya rage awon ƙungiya mai rauni zuwa tsaka-tsaki, bai wuce nan ba. Houston kuwa, a 2022, kakar farko bayan tafiyarsa, ta ci wasa 106 da awon 2.90 ta ɗauki kofi, a hannun Josh Miller da Bill Murphy, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Mai cewa tsarin ne ya yi aikin ba shi ba, da wannan kakar yake kafa hujja, mai cewa shi ya horar da waɗanda suka gaje shi ma da ita yake kafawa.